Kwana 1,260 na Wahayin Yahaya da kwanakin Daniyel: ta ina ake haɗa su?

Salama gare ku, fastoci da malaman Littafi Mai Tsarki. Ajinmu na nazari ya tsaya cik a Wahayin Yahaya sura 11 zuwa 13, don Allah a taimaka mana.

Sura 12 tana ratsa zuciya: mace sanye da rana, wata a ƙarƙashin ƙafafunta, kambin taurari 12 a kanta. Lissafin ne ya cije. Watanni 42 (11:2, 13:5) sau kwana 30 ya ba da 1,260 (11:3, 12:6), wato shekara uku da rabi, daidai da Daniyel 7:25. Nan babu gardama. Sai Daniyel 12:11-12 ya kawo kwana 1,290 da 1,335: ƙarin 30, sannan ƙarin 45. In an ce watan da Yahudawa kan ƙara wa shekara ne ya cike 30 ɗin, to 45 ɗin fa?

Jingina kwanakin ga Antiyokus na Huɗu, sarkin Siriya, ma bai warware ba. Ya ƙazantar da Haikalin Urushalima a shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, aka tsarkake shi a 164, shekara uku ke nan.

Shin adadi ne na alama, ko kwanaki na zahiri? Kuma 11:3 (kwanakin annabcin shaidu biyu) da 12:6 (kwanakin macen a jeji) zamani ɗaya ne, ko biyu a jere?