Bokitin man kaɗe mai lita 20, kilo nawa ne a ciki?

Mai sabulu, Garin Malam: Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata mata a Gaya za ta aiko mini man kaɗe, bokiti mai lita 20 a jika 40 (sefa dubu 40), ban da kuɗin mota. Nan kasuwar Dole ta Damagaram kuma an ce mini kilo jika biyu da rabi. Ni da kilo nake aiki saboda da nauyin mai nake auna sodar sabulu. Wanne ya fi mini sauƙi?

Hajiya mai turare: Wa alaikumus salam. Ƴata, ki riƙa haɗa shi da man kwakwa, kaɗe shi kaɗai ba ya kumfa sosai.

Malamin lissafi: Ruwa ne lita ɗaya ke zama kilo ɗaya. Mai bai kai ruwa nauyi ba, shi ya sa yake tasowa sama. Narkakken man kaɗe lita ɗaya wajen giram 910 ne, bokitinki ke nan kusan kilo 18. Wannan in narkakke aka zuba ya daskare a ciki. In curi-curi aka cusa, akwai iska a tsakani, ba zai kai haka ba. Kada ki auna soda a kan kilo 20, za ta yi yawa sabulun ya ci fata.

Maman tagwaye, Birni: Malam, lissafinka na mai gaskiya ne. Bara na tura kuɗin adashina gaba ɗaya aka aiko mini bokiti biyu. Sama fes, ƙamshi kamar me. Na ɗora a sikeli har nauyin ya zarce yadda nake zato, ina ta murna. Da na narka, wallahi ruwa ne kwance a ƙasa da wani tsaki-tsaki. Wanda na tace bai yi wata ba ya fara wari. Na kira matar ta ce zafin hanya ne, daga nan ta daina ɗauka. Har yau ina biyan bashin nan, maigida kuma bai daina yi mini gori ba.

Hajiya mai turare: Allah ya mayar miki da alheri. Amma jika biyu da rabi a Dole? Ni uku na saya ranar Alhamis.

Ɗan Zango: Hajiya an ga gyalenki ne aka ƙara 😂 Ni biyu ake ba ni.

Maman tagwaye, Birni: Na jika biyu ka narka shi tukuna ka zo mu yi magana.

Hajiya mai turare: Kuma shi Malam ya taɓa dama sabulu? Mu da ido da hannu muka koya wurin iyayenmu.

Malamin lissafi: Ban taɓa ba Hajiya, amma labarin Maman tagwaye shi ne maganata. Bokitin da nauyinsa ya wuce kima, a binciki ruwa a ciki.

Mai sabulu, Garin Malam: To in saya ko in bari? Gobe matar ke jiran amsa.

Ɗan Zango: Ku da kuke ta batun sikeli, wa ke duba sikelin? Ko tiyar hatsi ma, wadda suke saye da ita daban, wadda suke sayarwa da ita an bubbuge mata gindi.

Maman tagwaye, Birni: Kai dai bari, ƙanena. Gero tiya goma na auno, na zo gida da tawa tiyar, tara da ɗan kaɗan.

Hajiya mai turare: Wane layi kika saya? In sani in kauce.