Bayan Storm Front: a ci gaba da jerin Dresden, ko a haƙura?

Zainab: Assalamu alaikum. Jiya na kammala Storm Front, littafin farko a jerin Dresden Files na Jim Butcher, kuma ban tarar da abin da aka yi ta kwaɗaita mini ba. Ga wanda bai sani ba, labarin Harry Dresden ne, wani mai sihiri da ke aikin bincike na ƙashin kansa a birnin Shikago, wanda 'yan sanda kan nema idan kisa ya gagari fahimtarsu. Wanda bai karanta ba ya yi mini afuwa, amma tun ban kai tsakiya ba na gane mai laifin, domin mijin da aka ce ya ɓata shi kaɗai ne zaren da zai iya haɗa cigiyar matarsa da gawarwakin nan biyu na otal. Abu na biyu da ya dame ni shi ne, kusan duk macen da ta shigo labarin sai Harry ya tsaya siffanta surarta kafin a ji abin da ke tafe da ita. Malam Habibu ya ce ba a yanke wa wannan jeri hukunci sai an karanta littafi na uku, ni kuwa ban gamsu ba.

Habibu: Wa alaikumus salam, Malama Zainab. Ina nan a kan bakana. Butcher ya rubuta Storm Front ne yana ɗalibi a ajin koyon rubutu na Deborah Chester a Jami'ar Oklahoma, kuma shi da kansa ya sha faɗa cewa ya bi ƙa'idojin malamar ɗaya bayan ɗaya ne don ya nuna mata ba za su haifar da abin kirki ba, sai ga shi littafin ya samu shiga, aka buga shi a 2000. Saboda haka aikin ɗan koyo kika karanta, shi ya sa ake ganin ɗinkin a fili. A Grave Peril, na uku, wanda ya fito a 2001, nan ne Michael Carpenter, jarumi mai takobi mai tsarki kuma abokin Harry, ya shigo, nan ne kuma Harry ya yanke shawarar da ta haddasa yaƙi tsakanin majalisar masu sihiri da ɗaya daga cikin gidajen masu shan jini, yaƙin da bai ƙare ba sai a Changes, littafi na 12, a 2010. Wanda ya tsaya a na farko ko ƙofar wannan gini bai gani ba.

Hajiya Rabi: Malam Habibu, hujjarka ta bayyana dalilin raunin littafin, amma ba ta ɗora wa mai karatu wajibcin ci gaba ba. Littattafai uku shafi dubu ne ko fiye, ga tsadar sayo su daga waje, kuma ana neman yarinyar nan ta biya duk wannan a kan alkawari. Na karanta Fool Moon, na biyu, mai labarin mutanen da ke rikiɗa su koma kyarkeci, kuma a wurina bai kai na farkon ba ma. Karrin Murphy, 'yar sandar da ya kamata ta zama abokiyar aikin Harry, ta sake zarginsa, shi kuma ya sake ɓoye mata abin da ya sani da sunan kare ta, har abin ya gundure ni. Mu da muka tashi da littattafan kasuwar Kano mun saba da na ɗaya da na biyu da na uku, amma can labari guda ne aka yanka gida uku, don haka ba a hukunta shi sai an kai ƙarshe. Storm Front cikakken labari ne da aka sayar shi kaɗai, yana da farko yana da ƙarshe, kuma Zainab tana da haƙƙin auna shi a haka.

Aminu: Ina ganin kafin a ba ta shawara ya kamata a rarrabe abubuwan da ta ambata, domin ba makomarsu ɗaya ba. Ƙwarewar rubutu tana ƙaruwa ƙwarai, wannan Malam Habibu ya yi gaskiya: hirarraki suna daɗa nauyi, Murphy ta zama mutum mai cikakken hali tun daga Summer Knight, na huɗu, inda Harry ya buɗe mata gaskiya, kuma abin da aka shuka a wani littafi yakan tsiro bayan littattafai biyar ko shida. Amma idan abin da Malama Zainab ke nema shi ne ƙulli irin na labarin bincike, wanda za ta zauna tana auna shaidu har marubuci ya kayar da ita a babin ƙarshe, to jerin bai nufi can ba. Kullum nesa yake ƙara yi da ofishin mai bincike, yana komawa yaƙi da siyasar aljanu da masu sihiri. Maganar mata kuwa ita ce mafi wuya, domin duk manyan littattafan da bakin Harry ake ba da su, da idonsa ake ganin kowa. Matan labarin suna samun ƙarfi da matsayi, wasunsu ma sun fi shi, amma wannan kallon nasa bai taɓa gushewa gaba ɗaya ba, kuma ba adalci ba ne a ce mata zai gushe.

Habibu: Na karɓi gyaran a kan binciken. A kan kallon kuwa, ni ina ɗaukarsa aibi ne da marubucin ya ɗora wa jaruminsa da gangan, irin na tsofaffin labaran masu bincike na Amurka da ya kwaikwaya, kuma akwai wuraren da aibin ya jawo wa Harry asara.

Hajiya Rabi: Ko da gangan ne, mai karatu ce za ta zauna da shi shafi bayan shafi. Niyyar marubuci ba ta rage mata wannan zaman.

Aminu: Akwai hanyar tsakiya da wasu ke bi, wato a tsallaka zuwa Dead Beat, na bakwai, na 2005. Shi ne na farko da ya fito da bango mai tauri, kuma yana sake gabatar da mutanen labarin yadda sabon shiga zai gane. Idan shi ma bai yi mata ba, ta san ta ɗanɗana jerin a lokacin ƙarfinsa. Illarsa ita ce zai tona mata wani sirri game da dangin Harry wanda aka ɓoye har zuwa Blood Rites, na shida.

Habibu: Wannan sirrin bai kamata a same shi a arha ba, Malam Aminu. In dai tsallake za a yi, a tsallake Fool Moon kaɗai, domin abin da ake bukata daga cikinsa, wato ƙungiyar matasan nan masu rikiɗa da suka zama abokan Harry, ana iya fahimtarsa daga baya ba tare da wahala ba.

Zainab: Na gode muku duka. Bayanin Malam Aminu ya sa na gane cewa sauƙin ƙullin bai ɓata mini rai kamar muryar Harry ba, kuma ita ce kuka ce ba za ta canza sosai ba. Duk da haka akwai abubuwan da suka riƙe ni, musamman Bob, ruhin nan mai tarin ilimi da ke zaune cikin ƙoƙon kai, da kuma Morgan da ke bin Harry da takobi yana jiran ya karya dokar sihiri. Ba zan sayi wani ba tukuna. Malam Habibu, idan Grave Peril ɗinka yana kusa, ina neman aronsa, kuma zan ba shi shafi ɗari. Idan na kai nan ina jin abin da na ji a na farko, zan mayar maka da shi.

Hajiya Rabi: Shafi ɗari ya yi daidai, 'yata. Ki lura da yadda aka rubuta Susan, 'yar jaridar nan budurwar Harry, a cikinsa, domin ita ce nake so in ji ra'ayinki a kanta kafin in yanke ko ni ma zan koma.