Tambaya: Wannan BPA da ake rubutawa a jikin fidar jarirai, da gaske yana illa ko dabarar kasuwa ce?

UmmuTwins: Salam 'yan uwa, don Allah ina da tambaya, duk fidar da na ɗauka sai na ga an rubuta wai babu BPA a cikinta, toh menene shi kuma waye ya gano yana da illa? Wlh ni na fara zargin talla ce kawai don su ƙara kuɗi.

Ɗan_Lab: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba talla ce zalla ba. BPA sinadari ne da ake haɗa roba mai tauri da shi, har cikin gwangwanin abinci ana shafa shi, matsalarsa ita ce yana kwaikwayon homon ɗin mata wato estrogen (homon sinadari ne da jiki ke aika saƙo da shi), sai jiki ya ruɗe ya ɗauka saƙon nasa ne. Wadda ta tayar da maganar irin waɗannan sinadaran wata Ba'amurkiya ce Theo Colborn, da mai haɗa magunguna ce, sai da ta kai shekara 58 ta yi digirin dakta a 1985, kin ji fa. Aka sa ta duba rahotannin namun dajin da ke manyan tafkunan nan na tsakanin Amurka da Kanada, kowa cutar kansa yake nema a jikin dabbobin, ita kuwa sai ta lura iyayen garau suke, 'ya'yan ne ke shan wuya, ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa, wanda ya fito kuma ya zo da nakasa ko ya kasa haihuwa in ya girma. A 1991 ta tara masana a cibiyar taro ta Wingspread da ke jihar Wisconsin, can aka raɗa musu suna sinadarai masu dagula homon.

Anti_Nas: Ni labarin da ya fi tsaya min a rai na wata mai binciken kimiyya Patricia Hunt ne. A 1998 tana bincike kan ƙwan ɓeraye, ba ruwanta da roba sam, kwatsam sai ƙwayayen lafiyayyun ɓerayenta suka fara lalacewa, ta bi diddigi ta bi diddigi ashe wani ma'aikaci ne ya wanke kejin da robobin ruwansu da sabulun da bai dace ba, robar ta zaizaye BPA ya riƙa tsatsowa ɓerayen na sha. Kuskuren wanki kawai!

Mai_Shakka: Anti ki yi haƙuri amma ɓera ai ba mutum ba ne. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka har yanzu cewa take ɗan abin da ke shiga abinci bai kai ya cutar ba.

Ɗan_Lab: Haka ne malam, FDA na nan kan bakanta, amma ita ɗin dai ta cire shi daga fidar jarirai a 2012, Tarayyar Turai tun 2011, kuma a 2023 hukumar abincin Turai ta rage adadin da ta yarda mutum ya ci a rana har ninki 20,000. Maganar mutum kuma ai an gani da maganin DES, wanda shi ma kwaikwayon estrogen yake, da aka yi ta ba masu ciki wai don kar su yi ɓari, sai 'ya'yansu mata suka taso da wata kansar al'aura da ba a saba gani ga 'yan mata ba, a 1971 aka gano aka dakatar. Lokacin da abin ya taɓa ɗan tayi shi ne magana, ba yawansa kaɗai ba.

UmmuTwins: Ikon Allah. Kenan in an rubuta babu BPA shikenan na huta?

Anti_Nas: Ina fa ƙanwata. Wasu kamfanonin BPS suka maye gurbinsa da shi, ɗan uwansa ne na jini, ita Hunt ɗin ma a 2018 ta sake ganin irin matsalar a ɓerayenta da shi. Ni dai ba na zuba tafasasshen ruwa a roba, a kwalba nake haɗa madara ta huce sannan na juye, fidar da ta karce ko ta yi hazo kuma jefar da ita nake.