"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba": har da maganar ƙiba?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Na lura duk wanda zai yi wa mai ƙiba tsiya, da wannan karin maganar yake fakewa. Sai ya ce "kai, teɓar nan fa ta yi yawa", in aka ɓata rai ya ce ai gyara kayanka ne. Shin ta hau nan kuwa?

Dattijo: Wa alaikumus salam. Ta hau mana. Ma'anarta ai a fili take: wanda ya nuna maka gyara ba rabon kayanka yake nema ba, alheri yake nufi. Ƙiba kuma ba abin wasa ba ce, tana tafe da ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ita, sama da biliyan ɗaya ke nan. Mu yi shiru don kada a ji haushi? Gaskiya ɗaci gare ta.

Malamar Asibiti: Baba, a gafarce ni, amma a duba inda maganar ta samo asali. Mutum ne ya ɗauko kaya a ka, suka karkace bai sani ba, kai da ke bayansa ka hango. Ka yi magana, ya kai hannu ya daidaita, shi ke nan. To mai ƙiba bai san yana da ita ba ne? Shi ke sa rigarsa kullum, shi ke haki in ya hau bene. Ba labari ka ba shi ba, kuma ba abu ne da ake gyarawa da kai hannu ba.

Sannan an gwada ko gorin yana aiki. A 2013 Angelina Sutin da Antonio Terracciano sun fitar da binciken da ya bi mutum sama da 6,000 a Amurka tsawon shekara huɗu. Waɗanda suka ce an wulaƙanta su saboda nauyin jikinsu, yiwuwar su faɗa cikin ƙiba mai yawa ta ninka ta sauran kusan sau biyu da rabi. Janet Tomiyama ta Jami'ar Kalifoniya ta yi bayanin yadda abin ke zagayawa: tozarci ya kawo damuwa, damuwa ta tayar da sinadarin kotisol a jiki, ci ya ƙaru, nauyi ya ƙaru, tozarci ya dawo. Ga kuma wanda aka yi wa dariya wurin motsa jiki, ba ya komawa. Ni karin maganar da na ga ta dace ita ce garin gyaran gira an rasa ido.

Ba Ruwana: Hajiya, duk na ji. Amma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wa ya ɗura masa abincin?

Malamar Asibiti: Ɗan'uwa, da abin iya nan ya tsaya da an huta. A 1986 Albert Stunkard ya binciki mutum 540 a Denmak da suka tashi a gidajen da ba na iyayensu ba. Nauyinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na masu riƙon ba, alhali a gidan masu riƙon suka ci suka sha. Ban ce abinci ba shi da hannu ba. Amma gado na ciki, wasu magunguna na ciki, har ƙarancin barci.

Ba Ruwana: Duk binciken Turawa ne dai. A wurare da yawa ai ƙiba alamar jin daɗi ce.

Ɗalibi: Da can ne, Yaya. Alexandra Brewis da abokan aikinta sun duba wannan a 2011, suka tarar ƙyamar ƙiba ta isa har wuraren da aka sani da yabon babban jiki, irin su tsibiran Samowa da Fato Riko. Ni abin da ya fi damuna ma ba baƙar maganar ba ce. Bincike iri-iri ya nuna ana tsallake masu ƙiba wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, musamman mata, ana ɗauka ragwaye ne tun kafin su buɗe baki. A Amurka, Jihar Mishigan ta haramta haka tun 1976, birnin New York ya bi sahu a 2023. Wanda aka hana shi aiki don jikinsa, an wuce gyara kayanka, an sauke an rabe.

Dattijo: To, na yarda ba kowane baki ne ya cancanci ya faɗa ba, kuma faɗa a bainar jama'a tonon silili ne, ba nasiha ba. Amma ba zan saki karin maganar ba. Likita fa? Uwa fa? Su ma su kame baki?

Malamar Asibiti: Baba, ka taɓo inda ke yi min ƙaiƙayi. A binciken Rebecca Puhl da Kelly Brownell na 2006, da aka tambayi masu ƙiba wa ya fi tsangwamarsu, 'yan gida ne suka zo farko, likitoci na biye. Mu ɗin nan. Mutum ya zo da ciwon kunne, a ce masa je ka rage nauyi. Gaba in ya ji wani ciwo sai ya zauna a gida har abu ya yi nisa. Shi ya sa a 2020 masana daga ƙasashe da dama suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa a mujallar Nature Medicine suna neman ma'aikatan lafiya su daina. Ba a ce kada likita ya yi maganar nauyi ba. Ya fara duba abin da ya kawo mutum, sannan ya tambaye shi ko yana so a tattauna, kuma in an tattauna a ba shi abin da zai yi, ba a sallame shi da "ka rage ci" kawai ba.

Ba Ruwana: In ya ce ba ya so fa?

Malamar Asibiti: Sai a yi masa maganin kunnen.