Waɗanda suka gwada ruwa da tsinken antibodi, me kuka gani?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An kawo mana tsinken gwajin nan mai antibodi (sinadarin garkuwar jiki da ke gane ƙwayar cuta ya manne mata), kamar na zazzaɓin cizon sauro, amma shi E. coli O157, wata ƙwayar bakteriya mai sa gudawa, yake nema a ruwa. Cikin minti 15 ka ga layi, ba sai ka kwana kana jiran ƙwaya ta tsiro a farantin rainon ƙwayoyi na ɗakin gwaji ba. Kafin mu saki jiki da shi, wanda ya taɓa aiki da shi ya ba mu labari.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ya taɓa ba ni kunya. Na ɗiga ruwan rijiya kai tsaye, layi ɗaya ya fito, na rubuta lafiya lau. Washegari faranti ya ƙaryata ni. Daga baya na gane laifina ne, ba na tsinken ba. Yawancinsu ba sa gani sai ƙwayoyin sun kai dubu 10 zuwa dubu 100 a mililita guda, alhali ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu E. coli ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha. Ina wannan ina wancan? Yanzu sai na tace ruwan da mataci mai ramin maikron 0.45, na jefa matacin a ruwan rainon ƙwayoyi na wasu sa'o'i, sannan na gwada. Minti 15 ɗin nan ya koma yini guda.

Injiniyan ruwa: Hajiya, nawa akasin naki ne. Mun zuba kulorin a tankin sanyaya injin gini saboda Legionella, ƙwayar da ke sa ciwon huhu, muka sake gwadawa da tsinken da ke neman ta, layi biyu raɗau. Hankalin kowa ya tashi. Ashe gawarwakin ƙwayoyin yake kamawa, domin antibodi rigar ƙwayar ya sani, bai san mai rai da matacciya ba. Sai da muka jira faranti, shi kuwa na Legionella yakan kai kwana 10.

Ɗalibi mai bincike: Ku da kuke da ruwa mai tsabta ma kun huta. Ni ƙasar gona nake gwadawa, laka ta toshe tsinken, ruwa ya ƙi hawa. Abin da ya cece ni ƙananan duwatsun maganaɗisu masu antibodi a jiki: su kama ƙwayar, in janye su gefe, in zubar da dattin. Duk da haka sau ɗaya wata ƙwaya daban, Citrobacter freundii, ta yi mini shigar O157.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Af, na manta. Kada ku bar kwalin cikin mota a rana. Antibodi furotin ne, zafi na lalata shi.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai. Hajiya, sa'a nawa kike barin matacin a ruwan raino kafin ki ɗiga?