Wace bishiya ce wannan ta rina Pretoria da ruwan malmo?

Ɗan Gwale:
Salam jama'a. Watana uku kenan da zuwa Pretoria a Afirka ta Kudu karatu, lokacin da na sauka a Yuli sanyi ake zabgawa, bishiyoyin bakin titi duk sun yi wani yaushi kamar za su mutu, ko kallonsu ban yi ba. To makon nan na fito zan tafi makaranta kawai na ga layinmu gaba ɗaya ya koma ruwan malmo, sama fure ƙasa fure, babu ko ganye ɗaya a jikin wasu, wallahi sai da na tsaya na kusa makara. Wani ɗan ajinmu ya ce sunanta jakaranda. Don Allah waɗanda suka daɗe a nan, har yaushe take kaiwa a haka, kuma ina ya fi kyau in je in ɗau hoto in tura wa Hajiyarmu? Sannan in na tsinci 'ya'yanta na kai Kano za ta yi?

Baban Sadiq:
Wa alaikas salam ƙanena, barka da zuwa. Ai ka zo a daidai. Ka san nan lokutansu a juye suke da namu, sanyinsu Yuni da Yuli ne, daga ƙarshen Satumba take fara fure, Oktoba ne ganiyarta, zuwa tsakiyar Nuwamba kuma sai ganye ya rufe ta shi kenan sai baɗi. Shawarata kar ka ce sai ka gama jarrabawa, domin ruwan farko a nan da iska da tsawa yake zuwa, wani lokacin har da ƙanƙara, dare ɗaya sai ya kakkaɓe maka rabin furen.

Wurin hoto kuwa ka hau Union Buildings, ginin da ofishin shugaban ƙasarsu yake, da sassafe, daga saman tudun za ka hango garin kamar an shimfiɗa masa atamfa. In ka samu mai mota ku wuce unguwar Groenkloof, titin Herbert Baker, akwai farare a can, mutane da yawa sun shekara a garin nan ba su san da su ba.

Ummu Hanan:
Hmm kowa kyan yake faɗa. Ni dai bara furen nan ya kusa karya ni, an yi yayyafi na fito da silifas ɗauke da cefane, na taka wanda ya zuba ya jiƙe, sai ji na yi ƙafata ta tafi, tumatir can albasa can. Santsi gare shi kamar kuɓewa. Kuma ka kula da zuma, suna bin wanda ya faɗo ƙasa su shige cikinsa, tunda furen kamar ƙaramin kakaki yake da rami, yarona ya taɓa takawa ba takalmi ranar ba mu yi barci ba. Maigidana kuwa ya daina ajiye mota a ƙarƙashinta saboda danƙon da take bari a gilashi. Amma fa duk da haka ina fita in yi hoto duk shekara, ba zan yi ƙarya ba.

Malamin Gona:
Abin da zai ba ka mamaki ba 'yar ƙasar ba ce ma. Asalinta Kudancin Amurka ne, wajen Ajantina da Bolibiya, a 1888 aka dasa guda biyu na farko a unguwar Sunnyside, daga baya aka bi tituna da ita har ake yi wa garin laƙabi da birnin jakaranda. Kamar dai dogon yaro ne a wajenmu, daga Indiya ya zo amma yau wa zai ce baƙo ne a Kano. A 2001 gwamnatinsu ta sa ta cikin baƙin tsirrai masu mamaye wuri har aka hana dasa sababbi, shi ya sa za ka ga yawancin na kan titi tsofaffi ne masu kauri.

Batun kai ta gida, tsirowa ba wuya, ƙwayar tana cikin wani ɓawo mai faɗi mai tauri, in ya bushe yana buɗewa da kansa. Furen ne aiki, wadda aka shuka daga iri tana iya cin shekara bakwai ko fiye kafin ta yi, kuma ta fi son wuri mai tudu da ɗan sanyi, Pretoria ta haura mita 1,300 a sama. In da Jos ka ce da na ƙarfafa maka gwiwa, zafin Kano na Afrilu kam sai dai a gwada. Kuma kar ka cusa iri a jaka haka kawai, ka tambayi ƙa'ida tukuna kar a tare ka a filin jirgi.

Ɗan Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Ummu Hanan sannu, daga yau kambas zan riƙa sawa. Wai kuma 'yan ajinmu suna cewa in furen ya faɗo maka a ka za ka ci jarrabawa, jiya na ga wata ta tsaya a ƙarƙashi tana jira da littafi a hannu.

Baban Sadiq:
Hahaha camfin ɗaliban garin ne, tunda furen yana zuwa dab da jarrabawar ƙarshen shekara. Ni guda uku suka faɗo min a shekarata ta farko kuma sai da na maimaita kwas ɗaya. Asabar in Allah ya kai mu zan bi ta Hatfield wajen ƙarfe bakwai, in kana so ka shirya in ɗauke ka mu je Groenkloof ɗin.