Neman shawara: kifin tirawut zai rayu a tankina na Dadin Kowa?

Baban Khadija, Dadin Kowa, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 4 ke nan ina kiwon tarwaɗa a tankin siminti guda 3, da ruwan rijiyar burtsatse. Tsadar abincin kifi ta cinye ribar. Ƙanena da ke karatu a Turkiyya ya zo hutu yana ta zuga ni a kan wani kifi, tirawut, ɗan uwan salmon. Ya nuna min hotonsa: jiki duk ɗigo-ɗigo baƙi, ga jan layi a gefe daga kai har wutsiya. Ya ce can ana kiwonsa sosai, kuma manyan otal-otal za su saya da tsada. Na ɗan tara kuɗin gyara tanki ɗaya. Don Allah wanda ya sani ya gaya min gaskiya kafin in zuba.

Malamin gona, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, Turkiyya na cikin ƙasashen da suka fi kiwon wannan kifi, amma a ruwa mai sanyi suke yi. Mai jan layin nan asalinsa kogunan yammacin Amurka ta Arewa ne. Ruwan da yake so digiri 10 zuwa 16 ne. Da ya haura 20 sai ya fara ƙin abinci, idan ya kai wajen 25 ya daɗe a haka sai mutuwa. Dalili kuwa, ruwa in ya ɗumama iskar shaƙa da ke cikinsa raguwa take yi, shi kuma kifi ne mai yawan buƙatarta. Tarwaɗa tana leƙowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa take jure ruwan da ya gurɓace. Tirawut ba ya iya wannan. A Afirka ma inda ake kiwonsa kan tsaunuka ne, kamar gefen Dutsen Kenya da madatsar Katse ta Lesoto, wadda ta kusa mita 2,000 sama da teku. Ka tuna zafin Maris da Afrilu a Gombe.

Maman Ummi, Tudun Wada:
Ni mai ƙyafe kifi ce. Yaya, masu sayenmu tarwaɗa da karfasa suka sani. Ko ya rayu, wa zai kai maka shi Abuja cikin ƙanƙara?

Baban Khadija:
Malam, to lokacin hunturu fa? A Disamba tarwaɗata har daina ci take yi don sanyi.

Malamin gona:
Sanyin da ke hana tarwaɗa ci, a wurin tirawut ɗumi ne. Kuma hunturu wata 2 zuwa 3 ne, bai isa ya girma ba. In ka ce injin sanyaya ruwa za ka sa, kuɗin dizal zai kwashe jarin, ranar da janareta ya tsaya kuma ka kwashe gawa. Sayi ma'aunin zafi, ka tsoma a tankin da asuba da kuma la'asar, ka gani da idonka.

Baban Khadija:
Na auna yau, Malam: 27 da asuba, 31 da la'asar. Allah ya saka da alheri. Kuɗin zan sa a ɗan injin niƙa in riƙa haɗa abincina da masara da waken suya. Wanda ya san adadin garin kifin da ake zubawa a buhu guda ya taimaka min.